Ganuwar Injiniya Sharfuddeen

Yaƙin duniya na uku, a cewar Injiniya Sharfuddeen, ba da bindiga za a yi shi ba, ta intanet za a gwabza, kuma tuni an fara. An fara shi ne a Roni, sau biyu a rana, minti bibbiyu.

Sharfuddeen shi ne mai kula da layin intanet na cibiyar kwamfuta ta Hajiya Kaltume, wadda babban ofishinta ke Kazaure, da rassa a Roni da Gwiwa. Injiniyancin nasa kwas ne na wata uku a Kano, ya kuma samu halartar wata biyu daga ciki. Duk da haka in ka yi masa sallama ba ka haɗa da Injiniya ba, sai ka maimaita.

Tsarin layin ba wuya. Yana tasowa daga ofishin Kazaure, ya haye wani dutse da ke kan hanyar Roni. A can sama aka kafa turken ƙarfe da farantai uku, da wani akwatin ƙarfe mai tsawon mutum, jingine da wani ƙaton dutse. A cikin akwatin akwai batiran sola, da rauta, wato na'urar da ke karɓar layin ta rarraba wa rassa. In rauta ta tsaya, Roni da Gwiwa sun koma zamanin wasiƙa.

To wata huɗu ke nan layin na ɗaukewa kullum, ba fashi ko ran Juma'a. Ƙarfe tara na safe, sai kuma biyu da kwata na rana. Ya yi minti biyu, ya dawo da kansa, kamar wanda ya je ya sha ruwa.

"Masu kutse ne," in ji Sharfuddeen a taron ma'aikata. "Daga Turai."

Malama Asma'u, mai riƙe da reshen Roni, ta ce, "Me Turawa ke nema a Roni, Injiniya? Gyaɗa?"

"Bayanai, Malama. Yanzu bayanai sun fi man fetur."

"Duk bayanan da ke kwamfutocinmu katin biki ne da takardun neman aiki."

"Shi ya sa kullum suke dawowa. Ba su yarda iyakar abin ke nan ba."

Hajiya Kaltume, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare kafin ta buɗe cibiyar, ta saba jin irin wannan bayani daga bakin wanda bai yi aikin gida ba. Ta ce, "Ka hau dutsen mana ka duba, ƙarfe tara ko biyu."

"Ranki ya daɗe, injiniya na gaske ba ya hawa dutse. Daga kujerar nan nake tafiyar da komai. Rabona da saman nan tun bazarar bara, ranar da na sa wa akwatin kwaɗon zamani. Hanya uku ake buɗe shi: ta wayata, ta babban yatsana, ko da makulli. Shi ya sa ma na ce a sallami maigadi. Ko ƙuda ba ya shiga akwatin nan."

Da an bar maganar nan a nan, da har yau Turawan na zuwa suna komawa ba wanda ya damu. Sai wata hukumar jarrabawa ta zaɓi reshen Roni, a karon farko, don 'yan mata da samari arba'in su zauna jarrabawar shiga kwalejin kiwon lafiya ta kwamfuta. Ran Asabar. Ƙofar shiga na buɗewa ƙarfe biyu, ta rufe biyu da rabi. Wanda bai shiga ba sai baɗi, cibiyar kuwa a janye mata izini.

Asma'u ta ce, "Abin ai da sauƙi. Mu bari su ɗauke biyu da kwata, su dawo da shi, sannan mu shigar da yara. Da sauran minti goma sha uku."

Sharfuddeen ya dube ta irin kallon da likita ke yi wa mai sayar da maganin gargajiya a tasha. "Wato mu tsara rayuwarmu a kan jadawalin abokan gaba. A'a. Zan gina Ganuwa."

"Gina duk abin da za ka gina," in ji Hajiya. "Amma in layin nan ya faɗi ran Asabar, ka tattara ka bi shi."

Ran Asabar da hantsi ofishin Kazaure ya cika, domin Sharfuddeen ya ce abin tarihi ba a yin sa a ɓoye. Ya gayyato Mai Unguwa Muhammadu Lawal da mutanensa, da maƙwabta masu shaguna. Ya sha farar shadda, da takalmi sau-ciki mai ƙyalli wanda ƙasansa bai taɓa sanin tsakuwa ba. Ya ajiye laftof a tebur ya juya fuskarta wajen jama'a.

"Ganuwa doka biyu ce kacal, zan aika wa rautar da ke kan dutse daga nan inda nake zaune. Doka ta ɗaya: a hana kowa shiga, ko waye. Doka ta biyu: ban da ni."

Hajiya ta ce, "Wacce za ka fara aikawa?"

"Bi da bi, ranki ya daɗe. Ɗaya kafin biyu."

Ya ɗaga yatsa sama, ya bari kowa ya gani, ya sauke shi a kan maɓalli. Aka yi tafi.

"Saura ta biyu, sannan in danna adana, shi ke nan an gama da Turai."

Ya rubuta ta biyu, ya aika. Wata 'yar da'ira ta bayyana a tsakiyar allon tana juyawa. Ta juya. Ta ƙara juyawa.

Mai Unguwa ya matso ya gyara tabarau. "Wannan mai zagayen ita ce Ganuwar?"

"Alamar tana aiki ce, Allah ya ja kwana."

"To tana da ƙwazo."

Wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta sa ta a lasifika. Muryar Asma'u ta cika ɗakin: "Hajiya, a gaya wa Injiniya Turawansa sun yi doki yau. Sun zo na tara sun tafi, ga su kuma sha ɗaya saura. Na kira Gwiwa, su ma babu."

Hajiya ta ajiye wayar. "Fassara mini da Hausa."

"Wato, ranki ya daɗe, doka ta ɗaya ta kama aiki nan take. To ita doka ta biyu, ta layin nan za ta bi ta isa can. Shi kuma layin..."

"Ka kulle ƙofa kana waje."

"A ilimance ba haka ake cewa ba."

"Amma haka ne."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Sai dai wannan ya nuna ƙarfin Ganuwar. Ni da na gina ta ma ta hana ni."

"Madalla. Yanzu sai me?"

Ya dubi takalminsa. "Sai an je an jona waya a jikin rautar."

"An je. Wa zai je?"

Mai Unguwa ya ce tunda an gayyace su buɗe Ganuwa, rashin ladabi ne su tafi ba su ga ƙarshenta ba. Haka aka ɗunguma, Sharfuddeen a gaba a bayan ɗan acaɓa rungume da laftof, babura shida da A Daidaita Sahu ɗaya a biye. Kafin su kai gindin dutsen labari ya riga su. Manoman da ke kusa suka jingine fartanya. Daga rugar da ke gefen dutsen ma wasu makiyaya suka fito, da wani dattijo, Baba Daudu, riƙe da sanda.

Mutanen da ke sanye da silifa da takalmin roba suka haye kamar a kan tabarma. Takalmi sau-ciki kuwa ya kai rabin hanya, ya taka wani falale mai santsi, ya yanke shawarar komawa ƙasa. Sharfuddeen ya ɗaga laftof sama da hannun hagu, ya tare faɗuwar da na dama. Laftof ta tsira. Shadda ta sauya launi daga ƙugu zuwa ƙasa. Babban yatsan dama ya bar fatarsa a jikin dutsen.

"Sannu, Injiniya," in ji wani manomi. "Da ma an ce ba ka hawa."

A sama, akwatin na tsaye yana 'yar ƙarar fankarsa, lafiya ƙalau. Sharfuddeen ya tsaya a gaban ƙofar ya yi gyaran murya. "Yanzu za ku ga amfanin hanya uku."

Ya fito da waya ya danna. Shiru. Ya ƙara dannawa. Bayan wani lokaci ya bayyana, da ƙaramar murya, cewa shi ma kwaɗon ta cikin rauta yake jin umarni, Ganuwa kuma ta ce kowa.

"Saura biyu," in ji Mai Unguwa.

Ya goge yatsan a gefen shadda ya ɗora. Kwaɗon ya kawo jar wuta. Ya tofa masa yawu ya sake. Ja. Ya gwada na hagu.

"Bai san na hagun ba ne?" in ji Mai Unguwa.

"Ban yi masa rajista ba. Saboda tsaro."

"To sai makulli. Yana ina?"

"Yana wurin da ya fi ko'ina tsaro a masarautar nan."

"Wato ina?"

Sharfuddeen ya nuna akwatin da haɓa.

Wani daga baya ya kama tari, bai kuma daina da wuri ba.

Baba Daudu ya matso da sandarsa. "Injiniya, da ka zagaya ta..."

"Baba, don Allah. Wannan ba maganar shanu ba ce."

"To," in ji Baba Daudu, ya koma ya zauna a inuwa.

Sharfuddeen ya kira kamfanin da ya ƙera kwaɗon. Wata murya ta shaida masa da Turanci cewa kiransa na da muhimmanci ƙwarai a wurinsu, ta sa masa kiɗa. Ya saurari kiɗan minti ashirin, jama'a ma suka taya shi, har katinsa ya ƙare. Sai ya aika a ɗauko Falalu mai walda daga Roni.

Falalu ya iso ɗaya saura, mutum huɗu na ɗauke da janaretansa suna haki. Ya tsaya gaban ƙofar ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, fuskarsa cike da alfahari.

"Aikina ne wannan. Injiniya, ka tuna abin da ka ce mini? Ka ce in yi ƙofar da ko ni ba zan iya buɗewa ba. Faranti biyu na haɗa."

"To yanzu buɗe ta."

"Ni mutum ne mai cika alkawari."

"Falalu, yanke ta."

"Zan yanka. Amma akwai batir a ciki. In tartsatsi ya same su, har Babura za a ji."

Jama'a suka ja da baya taku goma. Sharfuddeen ya ja goma sha biyar, don ya fi ganin aikin da kyau, in ji shi.

Faifan yanka na farko ya ci kamar tsawon yatsa ya tarwatse. Aka sa na biyu. Yana tsakiyar kuka janareta ya yi tari sau uku ya mutu, man ya ƙare. Aka tura ɗan acaɓa ƙasa da galan. Kafin ya dawo azahar ta yi, Mai Unguwa ya ja salla a kan falale. Bayan sallama ya roƙa wa yara arba'in nasara, ya kuma roƙi Allah ya rushe duk wata katanga da ke tsakanin bawa da arzikinsa. Amin ɗin da aka amsa ta ɗan fi ta kullum ƙarfi.

Baba Daudu ya sake gwadawa. "Ɗan nan, ni dai da za ka leƙa..."

"Baba, na roƙe ka. Yara arba'in ne a wuyana."

Biyu da minti biyar sai ga lema tana hawowa a hankali, Hajiya Kaltume a ƙarƙashinta, da ciwon ƙafarta da komai. Ta zauna a kan wani dutse ta huta. Ta miƙa wa Sharfuddeen wayarta. Asma'u ce.

"Injiniya, yara sun zauna, kowa da da'irarsa tana juyawa. Jami'in hukumar ya cire agogonsa ya ajiye a kan teburina. Iyaye sun cika ƙofa, wata ta ce awakinta biyu ta sayar ta yi wa 'yarta rajista, tana tambayar gidanku."

"Ki ce musu ana kan aiki."

"Na ce. Ta ce ita ma."

Ya mayar da wayar. Falalu ya duba yankan da ya yi, ya ce in Allah ya yarda kafin la'asar ɗin gobe ƙofar za ta buɗe.

A daidai nan ne wata waya ta fara ƙara. Kowa ya shafa aljihunsa. Ba ta kowa ba ce. Ƙarar daga cikin akwatin take fitowa, kiɗan sarewa mai daɗi, yana amsa kuwwa a jikin ƙarfe.

Fuskar Sharfuddeen ta washe a karon farko tun hantsi. Ya haye kan wani dutse ya ɗaga yatsan da ya ji ciwo.

"Kun ji? Ranki ya daɗe, kin ji da kunnenki. Wata huɗu ina faɗa ana yi mini dariya. Na'urar leƙen asiri ce. Sun dasa ta a cikin akwatin da ƙuda ba ya shiga. Ku gaya mini, a duk ƙasar nan wa ke da ilimin da zai yi wannan? Yanzu haka daga can ake kiranta, suna jin duk abin da muke..."

"Tawa ce," in ji Baba Daudu daga inuwa. "Surukina ne na Babura. Kullum bayan azahar yake kira."

Sai ga wata dattijuwa ta ɓullo ta wata 'yar hanya daga ɓangaren ruga, da ƙwarya a kanta. Inna Dela ce, mai kawo nono kasuwa, kowa a wurin ya san ta in ban da Injiniya. Ta ga taro ta rage tafiya.

"Sannunku da rana. Rasuwa aka yi?"

"Tukuna dai," in ji Hajiya.

"To Allah ya kyauta."

Ta wuce ta gefen Falalu da janaretansa, ta shiga ɗan lungun da ke tsakanin akwatin da ƙaton dutsen, ta ɗage wata tsohuwar zana da ke jingine. Ta sunkuya ta zura hannu. Ƙarar fankar akwatin ta tsaya. Ta jawo wata doguwar waya mai soket da yawa, wayoyin salula goma sha ɗaya na lilo a jikinta, ta zuba su a ƙwarya. Ta sake zura hannu. Fanka ta ci gaba.

Jama'a suka zagaya baya gaba ɗaya, Mai Unguwa a gaba. Akwatin ba shi da baya. Ga batira, ga rauta tana kunna fitilunta ɗaya bayan ɗaya, ga makulli rataye a ƙusa.

Sharfuddeen ya iso a ƙarshe. "Inna, wa ya ba ki izinin... wa ya cire murfin nan?"

Inna Dela ta dube shi da kyau. "Af, kai ne ɗan nan mai farar riga na bara. Ai kai ka kwance shi da zafin nan, ka ce abin naka na jin zafi, a bar shi ya sha iska, za ka dawo jibi ka mayar. Murfin na gidana, a kansa nake shanya kuɓewa. Ni na sa zanar saboda awaki."

"Kuma kike cire mini rauta."

"Wata huɗu ke nan da na fara yi wa 'yan ruga caji a nan, ramin wutar kuwa ɗaya ne. Da safe in cire naka in sa nawa, in maƙala naka a jikin nawa. In an yi azahar in mayar maka yadda na samu. Ban taɓa barin sa a cire ba, ni ba na cin amana." Ta ciro makullin daga ƙusa ta miƙa masa. "Riƙe wannan ma, kullum sai ya kama mini mayafi."

Wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta sa a lasifika ba tare da an roƙe ta ba.

"Ya dawo, Hajiya. Biyu da minti goma sha bakwai. Yara na shiga. A yi wa Injiniya sannu, me ya yi?"

"Ya tsaya a gefe," in ji Hajiya.

Abin da ya faru ba shi da zurfi. Rauta, in wuta ta ɗauke mata, tana manta duk dokar da ba a adana ba. Sharfuddeen kuwa bai kai ga danna adana ba. Ganuwar da ta hana shi, ta hana Roni, ta hana Gwiwa awa uku da rabi, ta tafi tare da cajin wayar Baba Daudu.

Sharfuddeen ya gyara wuyan shadda. "A gaskiya, ranki ya daɗe, da gangan ban adana ba. Ana kiran wannan dabarar..."

"Falalu," in ji Hajiya, "in ka huce, ka mayar da murfin baya, ka sa kwaɗon kasuwa, makulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Inna. Ka ja mata soket nata daban a waje." Ta juya. "Kai kuma na ce in layi ya faɗi ka bi shi. Ga shi ya tashi, ba da hannunka ba. Ba zan kore ka ba, don ban san wanda zan yi wa wannan muguntar in tura masa kai ba. Litinin da Alhamis za ka riƙa hawowa nan da ƙafarka ka duba. Ka sayi silifa."

"Inna," in ji Mai Unguwa, "ashe ke ce Turawan."

"Wane Turawa?"

"Bari kawai. A kawo mana nono gobe."

Yara arba'in suka rubuta jarrabawarsu, izinin cibiyar bai taɓu ba. Sharfuddeen na nan yana hawa dutse sau biyu a mako, ya kuma fi da can saurin tafiya. A teburin mai shayi har yanzu yakan ba da labarin ranar da ya gina katangar da duk duniya ba wanda ya iya ƙetarawa, wanda kuma gaskiya ne. Asma'u, in layi ya yi wargi, lambar Inna Dela take fara kira.

Masu kutse na Turai kuwa, tun ranar da aka ja wa Inna Dela soket ɗinta, ba su sake waiwayar Roni ba.